Kawu Foman da Ma'aikatan Sifili

Kawuna shekara talatin da ɗaya ya yi yana foman a wani kamfanin gine-gine, kuma tun da ya yi ritaya babu wanda ya iya gamsar da shi cewa ya daina. Idan ya shigo gidanka sai ya ƙirga na zaune, ya ƙirga na tsaye, sannan ya nemi jin dalili. Ya taɓa tsayar da mai sharar titinmu yana koya masa riƙon tsintsiya, da ƙyar aka raba su. Sunan Foman ya bi shi har ya danne nasa na asali, ko matarsa haka take kiransa.

Ranar Asabar ɗin da zan ba ku labarinta, duk ranakun duniya ita ce bai kamata ya zo gidanmu ba.

Ƙanwata Auta tana aure a wata ƙasa mai nisa. Ranar Talata ta haihu, haihuwar fari, namiji. Aiki aka yi mata, tana kwance a asibiti, sai Asabar likita ya yarda ta zauna ta yi doguwar magana. Ta aiko da saƙo cewa ƙarfe huɗu na yamma, agogonmu, za ta kira ta nuna wa Inna jikanta. Inna kuwa, mahaifiyarmu, yanar ido ta rufe mata gani ta bar mata ɗan kaɗan. Idan ka miƙa mata waya babu abin da take gani sai haske. Shi ya sa kafin Auta ta tafi ta sayo kwamfuta mai ƙaton allo ta kafa a falo, ta shirya ta yadda Inna ba ta buƙatar kowa. Maɓalli ɗaya za ta danna, kwamfuta ta tashi, manhajar kira ta buɗe kanta ta zauna tana sauraro. Da Auta ta kira sai ƙararrawa ta kaɗa, fuskarta ta cika allo, Inna ta jawo kujera har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta ga 'yarta.

Aibin kwamfutar ɗaya ne, nauyi. Laifin kuma na mijina ne, na sha faɗa masa a gaban idonsa. Direban babbar mota ne, duk ranar da ya dawo daga tafiya sai ya zauna kallon ƙwallo a kanta, kuma duk abin da ya faɗo a allo ya ce masa "danna nan" sai ya danna, wai shi ba ya son wulaƙanta mutane. Ta haka ta cika da tarkace. Tana daɗewa kafin ta tashi, amma dai tana tashi, kira kuma yana shigowa.

Ƙarfe goma sha ɗaya Kawu ya yi sallama da ledar lemo a hannu, ya zo yi wa yayarsa barka. Inna tun safe ta yi wanka ta sa sabon kaya ta zauna a kujerarta gaban kwamfuta, alhali kira sai ƙarfe huɗu. Ni kuma tsautsayi ya sa na ce bari in kunna in gwada tun da wuri. Ina dannawa Kawu ya duba agogon hannunsa. Ya ɓare lemo ya sha, ya sake dubawa. Ya ɓare na biyu.

"Minti bakwai da daƙiƙa ashirin," ya ce da allo ya kawo. "Yaya, wannan kike ciyarwa da wutar lantarki?"

"Tana dai tashi," in ji Inna.

"Ni da haka nake tashi da ban kai foman ba. A wurina lebura ya makara minti biyar, ranar nan gidansu zai yi wa aiki. 'Yar nan, tashi ki ba ni kujera."

"Kawu, ka bari sai gobe mana. Yau ce ranar kiran."

"Ai saboda yau ce ranar kiran. So kike yaro daga zuwansa duniya, abin da zai fara gani a dangin uwarsa shi ne lalaci? Ni na tayar da injin kwaɓa siminti bayan injiniyoyi uku sun sallama shi. Minti goma kawai ki ba ni."

"Injin siminti daban, kwamfuta daban."

"Duk inji inji ne. In kika ga ba ya aiki, akwai mai barci a ciki."

Na kalli Inna ko za ta tsawatar. Ta taɓe baki kawai. Ƙanenta ne, ita ta goya shi, ta san in aka hana shi abu sai ya wuni yana mita a kunnen mutane. Na tashi na ba shi kujera, kuma har yau in na tuna wannan tashin sai in ji haushin kaina.

Abu ɗaya Kawu ya sani a kwamfuta. Akawun kamfaninsu ya taɓa nuna masa wasu maɓallai uku da ake dannawa lokaci guda. Ya lalubo su ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa hannu biyu ya danne. Sai ga wani shafi ya buɗe mai dogon jeri, sunayen duk manhajojin da ke aiki a ɓoye ba tare da ana ganinsu ba. Gaban kowace akwai lamba da ke nuna kaso nawa cikin ɗari na ƙarfin kwamfutar take ci. Ni malamar firamare ce, iyakar sanina buga tambayoyin jarrabawa, amma ko ni na san wadda lambarta ta yi yawa ita ce ke shaƙe kwamfutar. Kawu kuwa rajistar leburori ya gani.

Ya sa tabarau, ya bi jerin da yatsa yana motsa baki.

"Tamanin da huɗu. Ma'aikata tamanin da huɗu a cikin ɗan akwatin nan. To mu ga aikinsu. Wannan sifili. Wannan sifili. Wannan ma sifili. Sifili, sifili, sifili! Yaya, gidan hutu kika buɗe ban sani ba?" Ya gangara ƙasa, fuskarsa ta ɗan saki. "Yauwa, ga ɗan albarka. Sittin da biyu. Shi kaɗai yake ɗauke da gidan nan a kansa."

Na leƙa. Ɗan albarkan nan manhajar talla ce da mijina ya danno, wadda kullum take sanar da mu cewa mun ci mota.

"Kawu, ba aiki yake yi ba fa, ci yake yi. Lambar ta abin da yake cinyewa ce."

"Wanda ya yi aiki ai shi ke ci. Kin taɓa ganin lebura mai ƙwazo da ƙaramin kwano?"

Ya naɗe hannun riga. Ya zaɓi mai sifili na farko, ya danna maɓallin tsayarwa, ya daka tsawa, "Sallama!" Layin ya ɓace. Kawu ya yi wani murmushi da rabona da in gan shi tun yana bakin aiki. Ya kama na biyu, "Tattara kayanka!" Na uku, "Ka gaishe da mutanen gida!" Da ya zo kan na bakwai sai kwamfutar ta fito da tambaya, wai ya tabbata, don wannan shi ne ke tsare ta daga miyagun manhajoji. Na karanta masa da ƙarfi, har da ƙari.

"Mai gadi ke nan?"

"Mai gadi ne, Kawu."

"Mai gadi da sifili. Na san irinsu, ya jingina da bango ya rufe fuska da hula."

"Ɓarawo ne bai zo ba."

"To in ɓarawo bai zo ba, me muke yi da mai gadi?" Ya danna. "Kuma ki gaya mata ta daina tambayata ko na tabbata. Ko manaja bai taɓa yi mini wannan rashin kunyar ba."

Ihun "Fita!" da "Sallama!" ne ya jawo mana maƙwabta. Tela, wanda shagonsa ke jikin katangarmu, ya faɗo da awo a wuya da biro a bayan kunne, a zatonsa faɗa ake yi. Bayansa sai ga Sista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke gidan da ke kallon namu, mace ce da ba ta taɓa ganin abu ta haɗiye maganarsa ba. Kawu yana ganin ya samu 'yan kallo ya gyara zama.

"Ku zauna ku koyi aiki kyauta. Tankaɗe da rairaya nake yi."

"Wa ake kora?" in ji Tela.

"Malalata. Sha tara na sallama zuwa yanzu."

"An biya su haƙƙinsu?"

"Haƙƙin sifili sifili ne."

Bai rufe baki ba ya sallami na ashirin, sai 'yar kibiyar da ke yawo a allo ta tsaya cik. Ya ja linzamin da ake motsa kibiyar da shi dama, ya ja hagu, ko gezau. Ya ɗaga shi ya leƙa cikinsa, ya hura masa iska, ya ƙwanƙwasa shi a tebur.

"Ya mutu?" in ji Sista.

"Yajin aiki ne. An kori abokinsa ya yi zuciya. Na saba da wannan, in ka lallashe su sai su hau kanka." Ya ture linzamin gefe ya koma amfani da maɓallan kibiya, yana sauka layi-layi yana kora. Can sai duk ƙananan hotunan da ke jere a allo suka ɓace, har da hoton Auta da ke baya. Babu abin da ya rage sai jerinsa a tsakiyar baƙin fili.

"Kun ga tsabta?" ya ce yana waiwayenmu.

"Na gani," in ji Tela. "Haka shagona ya yi tsabta ranar da ɓarayi suka zo."

Ya sake danna ɗaya. Allon ya rikiɗe ya zama shuɗi, ya zubo wani dogon rubutu, sannan ya ɗauke ɗif. Inna, wadda launi dai tana gani, ta ce, "Me ya sa ta yi shuɗi?"

"Suma ta yi," in ji Sista.

"Hutun rabin rana ne," in ji Kawu, amma na ga ya goge goshi.

Kwamfutar ta sake tashi da kanta. Minti bakwai muna zaune babu mai tari. Da ta kawo, linzami ya motsa, hoton Auta ya dawo, na yi ajiyar zuciya. Kawu ya danna maɓallansa uku, ya ƙirga jerin, ya cire tabarau ya goge ya sake ƙirgawa.

"Tamanin da huɗu," ya ce a hankali. "Sun dawo. Duk sun dawo. Har mai gadin."

Tela ya riƙe ciki. "Ƙungiya gare su, Foman! Kotu ta mayar da su bakin aiki!"

"Ni? Ni zan kori mutum ya dawo ta bayan katanga?"

A nan ne bakina ya ja mini. Don in kwantar masa da hankali ya haƙura, sai na ce, "Kawu, ka ga wahalar banza ce. Akwai wani jeri daban na waɗanda ke tashi tare da kwamfuta duk lokacin da aka kunna ta. Ko ka kore su, ta nan suke dawowa."

Ya juyo a hankali. "Wane jeri?"

Na so in janye maganar, amma an riga an makara. Ya yi ta lalube har ya faɗa shafin. Ga su nan a jere, kowace da ɗan makunni a gabanta, ko a bar ta ta tashi da kwamfuta ko a hana ta.

"Ƙofar shiga ke nan!" ya ce yana buga cinya. "Ashe ni ina kora ta gaba, ƙofa tana buɗe ta baya. Tela, ba ni takarda."

Lokacin ƙarfe biyu ta wuce, ga shi Inna ta gayyaci matan layinmu kaf su zo ganin jariri, ban ko ɗora ruwan shayi ba. Inna ta shiga ɗaki sallah. Kafin in shiga kicin na nuna masa manhajar kira da yatsana, mai koren hoto.

"Kawu, don girman Allah, duk abin da za ka yi, wannan kada ka taɓa ta. Ita ce ta Auta."

"Na ji."

"Mai koren nan fa."

"'Yar nan, kurma kika ɗauke ni?"

Daga kicin ina jin sa yana kiran suna kamar a filin aiki. Wanda ya samu sifili a takardarsa, a rufe masa ƙofa. Masu manyan lambobi kuwa, waɗanda wasunsu ma da can a kashe suke, duk ya kunna musu makunni, ya ce ƙarin girma ne, daga yau su ne za su fara shiga da sassafe. Su tara ya ƙara wa girma, ɗan albarka mai sittin da biyu shi ne shugabansu.

Da na fito da faranti ya sa aka taru, ya kashe kwamfutar, ya ɗaga hannu mai agogo sama, ya kunna. Zan faɗi gaskiya ko da a kan Kawu ne: hoton Auta ya fito da wuri.

"Minti biyu!" ya yi ihu ya miƙe tsaye. "Daga bakwai zuwa biyu! Sista, ki shaida! Tela, ka rubuta!"

Tela bai kai ga zaro biro ba tagar talla ta farko ta faɗo a allo, ta ce mun ci mota. Ta biyu ta faɗo a kanta da tallan takalma. Ta uku wasan kamun kifi ne. Ta huɗu wata manhaja ce da ta ce ta gano matsaloli dubu huɗu a kwamfutar, tana ci gaba da ƙirga. Ta biyar ta kawo hoton wani mai sanƙo yana baƙin ciki, kusa da shi kuma ga shi da gashi yana dariya. Kawu ya gyara hularsa. Tagogi suka yi ta hawa kan juna har hoton Auta ya nutse, sannan akwatin kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur ya fara ruri.

"Kun ji?" in ji Kawu yana lumshe ido. "Haka wurin aiki yake ƙara. Da can ai maƙabarta ce."

Na nemi koren hoton ban gan shi ba, amma na ce wa raina yana can ƙarƙashin tarkacen nan. Ban samu damar tonawa ba, don mata sun fara shigowa. Kafin ƙarfe uku da rabi falo ya cika, wasu a kujera, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga daga waje. Kawu ya tsaya gefen tebur yana ba su tarihin injin siminti, injiniyoyin kuma sun ƙaru daga uku zuwa bakwai. Sista ta sunkuya ta ɗora bayan hannunta a jikin akwatin, ta janye da sauri.

"Foman, marar lafiyarka zazzaɓi take yi. Wannan da mutum ne da tuni an sa masa ruwa."

"Gumi ne. Mai aiki dole ya yi gumi."

Rurin ya ƙaru har sai mutum ya ɗaga murya. Inna ta dawo kujerarta, ta gyara ɗankwali, ta karkata kunne.

"Da wannan rurin zan ji kukan jikana?"

"Yanzu kuwa, Yaya."

Ya durƙusa ya leƙa bayan akwatin. Ta wata 'yar raga ya hango ƙaramar fanka tana juyawa kamar za ta tashi sama.

"Ga mai surutun. Aiki ba da baki ake yi ba."

Ya miƙa hannu ya zare biron da ke bayan kunnen Tela, ya zura ta cikin ragar. Aka ji ƙar-ƙar-ƙar, sai tsit. Falo ya yi shiru, wasu mata har da tafi. Kawu ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ce wannan ƙaramin abu ne, su tambayi duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa.

Ƙarfe huɗu ta buga. Inna ta jawo kujera kusa da allo, ta ɗora hannuwa a cinya. Huɗu da minti biyar. Huɗu da minti goma. Babu ƙararrawa, sai tagogi da ke ta haihuwa. Can wayata ta yi ƙara, mijin Auta ne.

"Yaya, lafiya? Tun ɗazu muke kira, yana nuna ba ku kan layi."

Na ture Kawu a karo na farko a rayuwata, na kama linzami na shiga rufe tagogi. In na rufe ɗaya biyu su fito. Na tona har ƙasa, babu koren hoto, babu alamarsa. Na ɗago na kalli Kawu. Kawu ya kalli Tela. Tela ya kalli silin.

"Kawu, ina mai koren?"

"To, ai... na duba takardarta. Tun safe nake lura da ita, ko motsi ba ta yi ba. Sifili a zagaye na farko, sifili a na biyu. Ba zan yi son kai ba don tana da hanya a gidan."

Inna ba ta juyo ba. Tana fuskantar allon ta ce, "Jira take yi, ɗan nema. Ni ma tun safe nake zaune a nan ban tsinana komai ba. Sai ka zo ka sallame ni."

Babu wanda ya yi dariya. Na lalubo manhajar da hannu na buɗe ta. Ta ɗauki lokaci tana juyi, don 'yan ƙarin girma sun cinye komai ba su bar mata ko kaso ɗaya ba. Wani wari ya fara tashi kamar an manta dutsen guga a kan leda. Sai ga Auta ta fito, a kwance a kan farin matashi, ta rame, tana murmushi. Bakinta yana motsi amma babu murya, ashe mai kula da lasifika ma yana cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa.

"Ga ta nan! Ga ta nan!" mata suka ɗauka.

Inna ta matsa har numfashinta yana taɓa gilashi. "Na gan ta," ta ce. "Auta ce." Hoton yana tafiya yana tsayawa. Muka ga Auta ta juya gefe, ta ɗauko wani abu a naɗe cikin farin tawul, ta fara ɗago shi zuwa kyamara a hankali. Gefen tawul ya shigo allo. A daidai nan ɗan albarka ya faɗo a tsakiya da jar mota, ya rufe komai.

"Kai! Yau kai ma ka jawo wa kanka!" Kawu ya yi kukan kura ya faɗa kan maɓallai da hannu biyu. "Sallama!"

Akwatin ya yi ɗan tari, siririn hayaƙi ya fito ta baya, allo ya yi baƙi ƙirin. Babu abin da ke cikinsa sai inuwar fuskar Inna da ta matan da ke bayanta.

"Wuta aka ɗauke," in ji Kawu.

Kowa ya ɗaga kai. Fankar silin tana juyawa abinta, ƙwan lantarki yana ci. Sista ta durƙusa ta zaro biron da gefen mayafinta, ya narke ya lanƙwashe.

"Birona!" in ji Tela. "Da shi nake rubuta awon mutane!"

"Ka gode wa Allah ba kunnenka ya zura ba," in ji Sista. Ta dubi Kawu. "Foman, daga minti bakwai zuwa har abada. Na shaida."

Na danna maɓallin kunnawa ya fi sau goma, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ban taɓa jin haushin mutum irin na wannan lokacin ba, na kuma ji tausayin Inna ƙwarai. Wata tara tana ƙirga kwanaki, ta yi wanka ta sa sabon kaya, abin da ta samu gani shi ne gefen tawul. Na kira su ta wayata na sa mata a hannu. Muryar Auta ta fito tana cewa, "Inna, ga shi, kin gan shi?" Jaririn ya yi ɗan kuka siriri. Inna ta kawo wayar kusa da ido, ta nesanta ta, ta karkata ta, ta rufe ido ɗaya.

"Haske kawai," ta ce. Hawaye ya gangaro mata, ta sa gefen ɗankwali ta share.

Kawu a lokacin ya kai bakin ƙofa, takalmansa a hannu, yana neman hanya tsakanin ƙafafun mata. Inna ba ta gani, amma ta san tafiyar ƙanenta.

"Dawo nan."

"Yaya, mai gyara zan je in..."

"Na ce dawo. Zauna a ƙasa, nan kusa da ni." Ya zauna. Ta danƙa masa wayar. "Kai ka cinye mini gani, kai za ka zama idona. Faɗa mini abin da ka gani, kada ka ƙara, kada ka rage."

Ya sa tabarau. Mutumin da ya wuni yana tsawa, da ƙyar muryarsa ta fito.

"Yana da gashi, Yaya. Baƙi, a kwance luf."

"Kunne fa?"

"Ƙanana. Irin na marigayi Baba, masu ɗan lanƙwasa a sama."

Inna ta gyaɗa kai, ta sake share ido. "Hannu?"

"Ya dunƙule su. Auta, ɗan buɗe masa... yauwa. Biyar-biyar ne, na ƙirga."

"Fari ne ko baƙi?"

"Ja ne tukuna. Ga shi ya buɗe ido ɗaya. Yana kallona, Yaya." Ya matso da wayar, sai muka ji muryar tana dawowa da kaɗan-kaɗan, ƙirji yana tasowa. "Amma wannan goshin, wallahi nawa ne. Ku zo ku gani! Da hancin. Dubi yadda yake haɗe gira yana bin ɗakin da kallo, akwai abin da bai gamsu da shi ba a asibitin nan. Yaya, ni ya ɗebo sak, babu inda ya baro ni."

Inna ta miƙa hannu. Ta lalubo wayar daga hannunsa, ta kai ta bakinta.

"Auta, kina jina?"

"Ina ji, Inna."

"In kun koma gida, ki ɗauke kwamfutarku ki ɗora a saman kabad tun yanzu."